Tsohuwar kwamfuta ma na iya koya wa yaro tuƙin jirgi

Mazauna Rijiyar Lemo da Fagge sun saba da ƙarar jirage, domin filin jirgin sama na Malam Aminu Kano ba shi da nisa, kuma tun 1925 jirgi ya fara sauka a Kano. Ba mamaki a samu matasan da ke burin zama matuƙa. Sai dai kuɗin karatu a kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, ya fi ƙarfin yawancin iyaye. Ƙofar da ta rage wa yaro ita ce manhajar kwaikwayon tuƙin jirgi a kwamfuta, inda zai koyi karanta agogunan jirgi da ƙa'idojin tashi da sauka.

To ita ma ana neman rufe masa ita. Ya ɗora manhajar a laftof ɗin gwanjo irin na Beirut Road, hoto ya riƙa tsayawa yana sarƙewa, ya nemi shawara, a ce masa sai dai ya sayi sabuwa. A ganinmu wannan shawara tana sa iyaye kashe kuɗin da ba su da shi, ko yaro ya haƙura gaba ɗaya.

Matsalar ta adadin hotunan da allo ke nunawa ce a kowace daƙiƙa. Fim ɗin silima hotuna 24 yake nunawa a daƙiƙa. Mai koyon tuƙi idan ya samu 30 da ba sa hawa da sauka, sun ishe shi ya sauke jirgi lafiya.

Kuskuren farko shi ne zaɓen manhaja. Microsoft Flight Simulator na 2020 yana neman katin sarrafa hoto na musamman, wanda yawancin laftof ɗin ofis ba su da shi, na 2024 kuwa yana janyo taswira daga intanet yayin da ake tashi, wato ga cin data. Amma Flight Simulator X na 2006 na nan, FlightGear kuma kyauta ce. Agogon da ke nuna tsayi da gudu a ƙaramin jirgi Cessna 172 aikinsa ɗaya ne a tsohuwar manhaja da sabuwa.

Sai saiti. Allo a kan 1920 da 1080 yana da ɗigon hoto sama da miliyan 2. A mayar da shi 1280 da 720, sun ragu zuwa ƙasa da miliyan 1, aikin katin hoto ya ragu da fiye da rabi. A rage inuwa da gajimare da motocin kan titi da sauran jiragen da kwamfuta ke tuƙawa da kanta, sannan a ƙayyade hotuna a kan 30.

Abin da aka fi mantawa da shi a Kano shi ne zafi da ƙura. A watan Afrilu zafi kan haura maki 40, ƙurar hunturu kuma ta riga ta toshe fanka. Firosesa idan ta ɗau zafi tana rage gudunta da kanta don kada ta ƙone. Mai gyara ya buɗe, ya share fanka, ya sauya man da ke kan firosesa, a daina ɗora laftof a kan katifa. A kuma jona caja, domin a kan batir yawancinsu rage ƙarfi suke yi. Idan akwai 'yan kuɗi, a kai RAM zuwa gigabait 8, sanda biyu maimakon ɗaya.

Manhaja ba ta ba da lasisi, Zariya ce ke horar da matuƙi. Amma makarantun sakandaren Fagge masu ɗakin kwamfuta za su iya ɗora FlightGear ba tare da biyan ko sisi ba, malamin kimiyya ya ware awa ɗaya a mako ga ɗaliban da ke da sha'awa.