Kunya ba ta warkar da ciwon fitsari na tsofaffi

A Bazaga da sauran garuruwan ƙasar Konni, Malbaza da Illela, idan magidanci ya haura shekara 50 fitsari ya soma yi masa gardama, yana tashi sau huɗu ko biyar cikin dare, yana yi da ƙyar kuma bai ji ya gama ba, sai ya ce sanyi ne ko tsufa, ya nemi saiwa ya jiƙa. Ba ya gaya wa iyalinsa, balle likita. Sai ranar da fitsarin ya tsaya ƙam a ɗauko shi a amalanke.

Abin da ke kawo wannan, galibi, wata ƴar tsoka ce da likitoci ke kira prostat. Maza kaɗai ke da ita, girmanta kamar ƙaramin goro, tana ƙarƙashin mafitsara, ta kewaye hanyar fitsari. Da shekaru sun ja sai ta kumbura ta matse hanya. Yawanci kumburin nan ba ciwon daji ba ne, yana da magani. To amma a wannan tsoka ɗin dai ciwon daji ke toho, shi kuwa da farko ba ya nuna alama ko kaɗan. Kafin ciwon baya da na ƙugu su bayyana, sau da yawa ya riga ya kai ga ƙashi. Baƙar fata sun fi kamuwa da shi, haka ma wanda mahaifinsa ko ɗan'uwansa ya yi shi.

Awon bai da wuya. Akwai awon jini mai suna PSA, akwai kuma dubawa da likita ke yi da yatsa ta dubura, abin minti ɗaya. Nan ne dattijai ke ja da baya, suna ganin zubar da girma ne. Amma girman da ya hana minti ɗaya a ɗakin likita ba ya hana a sa wa mutum roba a gaban ƴaƴansa ranar da fitsari ya tsaya.

Wajibi ne kuma a faɗi gaskiya: hawan PSA ba hukunci ba ne. Kumburi ko ƙwayoyin cuta suna iya ɗaga shi. Sai an ciro ɗan tsokar an duba a ɗakin bincike ake tabbatarwa, wani ciwon ma tafiyar hawainiya yake yi, sa ido kawai yake bukata. Saboda haka bai kamata a tara jama'a a auna su a sallame su da takarda da tsoro ba, babu mai yi musu bayani.

A shekarar 2021 aka buɗe wurin gashin ciwon daji a Yamai, da taimakon hukumar makamashin nukiliya ta duniya. Abin yabo ne, sai dai daga Konni zuwa Yamai ya fi kilomita 400, manomi kuwa ba ya kama wannan hanya sai wani ya fara gano cutarsa a kusa. Aikin yana wuyan hukumomin kiwon lafiya na jihar Tawa: a koya wa malaman ƙananan asibitoci su tambayi duk namijin da ya kai 50 labarin fitsarinsa, ko da ciwon kai ya kawo shi, kuma namiji ya yi tambayar, a keɓe. Wanda aka ga alama a tura shi asibitin Konni ko na Galmi da takarda, a gaya masa kuɗin awon tun kafin ya sayar da akuyarsa.