Nanaye Ce, Ku Kira Ta da Sunanta

A watan Nuwamban 2022 ƙungiyar kamfanonin waƙa ta duniya, IFPI, ta fara fitar da jerin waƙoƙin da aka fi saurare a Gabas ta Tsakiya da Arewacin Afirka, har da Saudiyya. Waƙar da ta fara hawa saman jerin ba ta Balarabe ba ce, "Calm Down" ce ta Rema, ɗan Najeriya. Wanda ya zauna a Riyad a lokacin ya ji ta a shago da mota, har a bakin yaran Larabawa da ba su san abin da take cewa ba. Tun daga nan samarinmu Hausawa mazauna garin suka ɗauki wata ɗabi'a: duk waƙar Hausa da suke ƙauna sai sun laƙaba mata Afrobeats.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, muna zagaye da farantin kabsa a wani gidan abinci a unguwar Batha ta Riyad, wani ɗalibi ya kunna "Jaruma" ta Hamisu Breaker a wayarsa. Mai kawo mana shayi ya tsaya yana gyaɗa kai, ya tambaya wace irin waƙa ce. Ɗalibin ya ce Afrobeats. Wani direba da ya girme mu duka ya ajiye lomar da ya ɗauko.

"Kai yaro, ji tsoron Allah. Nanaye ce fa, waƙar mata."

"Haba Yaya, nanaye ai ta fim ce. Wannan ta wuce nan."

Shinkafa ta huce ba su daidaita ba.

Direban ya faɗi gaskiya, sai dai da raini ya faɗe ta. Kunne ya isa shaida. Kiɗan fiyano ne irin na ɗakunan haɗa waƙa na Kano, muryar an goge ta da na'ura, karin yana lanƙwasa irin yadda finafinan Indiya suka saba wa kunnuwanmu, zancen kuma soyayya ne daga farko har ƙarshe. Gidan da Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef da Ali Jita suke ciki ke nan. Kiɗan Legas dabam yake tafiya, ganga ce ke jan ragamarsa, murya tana biye.

Ita waƙar kanta fa? Baitocinta ba su da zurfin da za a zauna ana warwarewa kamar na Shata ko Ɗan Ƙwairo, kuma na'urar ta danne muryar fiye da yadda nake so. Amma karinta yana kama mutum tun jin farko, Hausarta kuma a miƙe take. Shi ya sa a 2020, lokacin kullen korona, matan aure suka riƙa taka ta a gaban mazajensu ana ɗauka a waya, masu wa'azi suka yi ta faɗa. Waƙar da ta tayar da wannan ƙura ba ta rasa komai ba da za ta je aron suna.

Rigimar suna ba a kan kiɗa take ba, neman mutunci ne, kuma masu masaukinmu 'yan Saudiyya sun riga mu wannan dabara. Kafin a kafa hukumar nishaɗi ta ƙasar a 2016, kafin bikin waƙa na Soundstorm da aka fara a Riyad a Disambar 2019, saurayin da gidansu suka hana shi waƙa yana da mafita: shailat, waƙen baka da ba a sa masa kayan kiɗa. Sai dai ana jera muryoyi da tafi a kwamfuta har su ba da amon da ƙafa ke motsawa da kanta. Sunan ne ya ba shi izinin shiga motar mahaifi. Mu ma mun san wannan dabara. Fiyanon da ya kaɗa wa mawaƙin soyayya da safe shi ne zai kaɗa wa sha'irin bege da yamma, a ɗaki guda, amma ɗaya kaɗai ake kunnawa gaban surukai.

Abin dariya, masu rigar da muke aro su ma cire ta suke yi. Rema yana kiran nasa salon Afrorave, Burna Boy yana cewa Afro-fusion yake yi. Kowa na son a san shi da abin da yake nasa, mu kuma muna gudun namu don an ce na mata ne, kamar ba matan ne suke cika bukukuwan da mawaƙan ke ci da su ba.

Don haka ɗan'uwa, in Balarabe ko ɗan Sudan ya sake tambayarka, ka ce masa nanaye ce, daga Kano. In ya ce bai san ta ba, kunna masa wata.