Dalar Gyada Ba Ado Ba Ce

Fim ɗin horar da manoma ne ko tallar banki, sai ka ga an buɗe mana da dalar gyadar Kano cikin tsohon hoto. Babu shekara, babu sunan wanda ya ɗauka. Mu masu rubuta manhaja ba ma yarda da bayanin da aka yanke wa tushe, balle mu koyar da shi.

Da yawan hotunan nan Turawan mulki ne suka ɗauka. Sun kafa hukumar fina-finansu a 1939, majigi kuma ya zaga ƙauyuka yana koya wa talaka noman abin da Ingila ke so. Layin dogo ya iso Kaura Namoda a 1929, ta nan gyadar Zurmi da Shinkafi ta bi zuwa teku.

Yanzu manomin Gurbin Bore, wanda 'yan bindiga suka raba da gonarsa, shi ake nuna wa dalar, wai ya yi koyi da kakanninsa. To, ku rubuta shekara a ƙasan hoton, ku faɗi wanda ya riƙe kyamarar, da kuma nawa aka sayi buhun a hannun kakan nasa.