Gwajin kafin aure kaɗai ba zai wadatar ba

A watan Mayun 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a kan dokar da ta wajabta wa masu shirin aure a Jihar Kano yin gwajin ƙanjamau, ciwon hanta da sikila kafin a shafa fatiha. Muna goyon bayan wannan doka. Sai dai takardar asibiti shaidar rana ɗaya ce, aure kuwa zama ne na shekaru.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a kowace rana fiye da mutum miliyan ɗaya ke kamuwa da cututtukan da ake ɗauka ta hanyar saduwa, waɗanda kuma suna da magani. Matsalar ita ce yawancinsu ba sa nuna wata alama, mutum na yawo da su bai sani ba.

Tunjere ya isa misali. Hukumar ta ƙiyasta cewa a 2022 kimanin jarirai dubu 700 ne suka ɗauke shi tun suna ciki. Yana jawo ɓari, ko haihuwar ɗa ba rai, ko nakasa. Alhali ɗigon jini daga ɗan yatsa ya isa a gano shi tare da ƙanjamau a wajen awo, allurar fenisilin kuma ta kare uwa da abin da ke cikinta.

A nan gida kuwa, kowane ƙaiƙayi ko fitar ruwa sunansa "sanyi". Kunya ta hana zuwa asibiti, sai a nufi kemis ko mai tallar magani a tasha, a sha kafso na kwana biyu a ajiye. Da haka ƙwayar ciwon sanyi take ƙara bijire wa magungunan da a da suke kashe ta. Idan ciwon ya daɗe yakan toshe hanyar ƙwan mace, daga baya a ɗora mata laifin rashin haihuwa. Sau da yawa kuma matar kaɗai ake yi wa magani, maigida da abokan zamanta ba a duba su ba, ciwon ya yi ta zagaye a gida ɗaya.

Don haka muna kira ga gwamnatocin jihohi su wadata kowane asibitin sha-ka-tafi da kayan gwaji da fenisilin, kyauta ga masu juna biyu. Ma'aikatan lafiya su riƙe sirrin marasa lafiya, domin tsoron tonon asiri ne ke korar jama'a. Malamai su faɗa a kan mumbari cewa neman magani ba abin kunya ba ne. Iyaye su kai 'ya'yansu mata 'yan shekara 9 zuwa 14 rigakafin cutar da ke haddasa sankarar bakin mahaifa, wanda Najeriya ta fara bayarwa kyauta a Oktoban 2023.

Magidanta, ku raka iyalanku awo, ku ma ku miƙa hannu a gwada ku. Lafiyar gidan amana ce a wuyanku.