Wanda ya ɓata mashaya, shi zai biya kuɗin gyaranta



Ruwa ba ya tsami banza. Idan tabki ya yi kore shar da gansakuka a lokacin zafi, yana wari, akwai abin da ya ciyar da wannan gansakukar. Sinadarai biyu ne, naitirojin da fosfaras, waɗanda muke saye da tsada cikin buhun yuriya da na NPK. A gona su ne albarka, amma idan suka yi yawa a ruwan da ba ya gudu, sai su zama cuta. Ta hanya uku suke shiga: ruwan dattin gari da abin da ake kwashewa daga masai, takin zamani da ruwan sama ke wankowa daga gonaki, sai kashi da fitsarin dabbobinmu a bakin mashaya.

A aikina na kula da lafiyar dabbobi, ga abin da ke sa ni damuwa. Saniya babba tana shan wajen lita 30 a rana, a bazara ma fiye da haka, kuma ba ta da zaɓi. Wata irin gansakuka tana fitar da guba mai lalata hanta, iska kan tara ta a gefen tabki, daidai inda dabba ke sa baki, kuma tana iya kashewa cikin sa'o'i kaɗan. Idan naitirojin ya yi yawa a ruwa, tumbin saniya yana juya shi ya koma abin da ke hana jini ɗaukar iska: sai ka ga dabba tana haki, mai ciki ta yi ɓari, in an yanka jinin ya fito baƙi-baƙi. Bayan gidan mutane kuma yana ɗauke da ƙwayayen tsutsar ciki, saniya ta haɗiye, su zama ƙuraje cikin nama, a hana sayar da shi a mahauta. Duk wannan hasarar, makiyayi ne ke ɗaukarta, shi da bai gina lambatu ko ɗaya ba.

Garuruwanmu suna girma. Gulbin Maradi yana fitowa daga ƙasar Katsina, ya ratsa Madarunfa da birnin Maradi, sannan ya iso Tibiri da Gidan Runji, don haka abin da aka zuba a sama, na ƙasa ne ke shansa. Haka Gulbin Kaba da tabkunan da ke kusa da Agye, Cadawa da Gazawa. Ko ba daɗe ko ba jima, za a yi maganar gina wuraren tace ruwan datti da kuma faɗaɗa su. Tun ran gini ran zane: ya kamata mu san abin da za mu ce kafin a zauna.

Ga abin da aka yi a wata ƙasa. A Amurka akwai wani babban sashen teku da ake kira Cesafik, wanda waɗannan sinadarai suka lalata. A shekarar 2010 gwamnati ta ƙayyade iyakar abin da za a riƙa zubawa cikin kogunan da ke malala can. Jihar Bajiniya kuwa tun 2005 ta yi dokar musayar wannan nauyi. Ma'anarta ita ce, idan gari zai gina sabuwar matata ko ya faɗaɗa tsohuwa, a ce hakan zai ƙara kilo 100 na naitirojin cikin kogi, to dole ya biya a rage kwatankwacinsa, ko fiye, a wani wuri a kan ruwan nan. Dalilin kuwa kuɗi ne. Tace kashin farko na datti yana da sauƙi, amma cire ɗan ragowar da ya saura yana cin injina, lantarki da magunguna masu tsada. Sau da yawa ya fi araha a biya manomi ya shuka itatuwa a bakin rafi, ko ya rage abin da ke gangarowa daga gonarsa da garkensa.

Ra'ayina shi ne mu karɓi tushen wannan tsari, mu yi masa sharuɗɗa irin namu. Tushen ba baƙo ba ne. Dokar ruwa ta Nijar ta 2010 ta amince cewa mai gurɓata ruwa shi ke biya. Kuma kakanninmu sun daɗe da sanin darajar taki: manomi kan ba makiyayi hatsi don garke ya kwana a gonarsa bayan girbi. Kashin da ke ɓata tabki, in aka kwashe shi a amalanke aka kai gonar gero, dukiya ne. Abin da ya rage shi ne a biya wanda ya yi aikin.

Sai dai akwai haɗari, kuma ina so mu dube shi da idon basira. A Amurka, mai shanun shi ne mai filin, idan ya yi shinge a bakin rafi kansa ya yi wa. A nan kuwa, shinge da sunan tsabtace ruwa yana iya zama hanyar ƙwace mashaya. Mun san yadda burtali ke ƙanƙancewa shekara bayan shekara. Dokar kiwo ta 20 ga Mayu 2010 ta tabbatar da haƙƙin makiyaya na yawo da dabbobinsu, kuma wannan haƙƙi ba abin sayarwa ba ne.

Don haka ga sharuɗɗan da nake ganin kowace ƙungiya ta riƙe.

Na farko, kwami kafin shinge. Ba za a tsare gefen tabki ba sai an gina wurin shayarwa a ɗan nesa da ruwa, an tabbata ruwa na isa cikinsa har a watan Afrilu da Mayu, kuma a buɗe yake ga garken gida da na masu wucewa.

Na biyu, a rubuta yarjejeniya gaban kwamitin kula da filaye, wato Kofo, na gari da na komin, tare da hakimai, ardo-ardo da wakilan mata masu kiwon awaki da tumaki. A rubuta cewa wurin mashaya ne, kuma mashaya zai ci gaba da zama.

Na uku, biyan ya zama na kowace shekara, ya shiga asusun ƙungiya. Kwashe taki, gyaran kwami da gadin itatuwa aiki ne da ba ya ƙarewa ranar da furoje ya tashi.

Na huɗu, gyaran ya kasance a kan ruwan da aka ɓata. Ba za a zuba datti a Gulbin Maradi a ce an biya diyya a Gazawa ba, saniyar Tibiri ba ta sha a can.

Na biyar, diyya ba ta kashe ƙwayar cuta. Annobar kwalara da ta auka wa jihar Maradi a 2018 da 2021 ta isa ta tuna mana cewa tace bayan gida nauyin gari ne, kuma ba a musayarsa da komi.

Wani zai ce garuruwanmu ba su kai ga irin waɗannan manyan matatu ba, me ya kawo wannan magana yanzu? Amsa ita ce dattin ya riga matatar zuwa. Ana kwashe masai yau, ana yanka a mahauta yau, kuma wani wuri ake zubawa. Ranar da za a raba kuɗin gyara, wanda ya zo da shaida shi za a saurara.

Shi ya sa nake roƙon kowace ƙungiya ta buɗe littafi tun bana. Ku rubuta sunan kowace mashaya, watan da ruwanta ke canza launi, abin da ke gangarowa cikinta, da dabbobin da suka kamu ko suka mutu bayan sun sha. Idan kun ga ruwa ya yi kore ko matattun kifi a gefe, ku janye garke nan take, ku sanar da ma'aikacin kiwo mafi kusa. Sannan ku kai littafin zaman komin, ku nemi a ware wurin zubar da datti nesa da gulbi da tabki. Mu ma mu fara da namu: kada garke ya yini a bakin ruwa bayan ya sha, a kuma kwashe takin da ya taru kafin ruwan farko ya sauka.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mana dukiyarmu.