Muryar Mai Karatu Rabin Littafi Ce

Akwai wata gardama da kan tashi a ɗakunan kwananmu duk sa'ad da muka dawo daga hutu. Waɗansu su ce wanda ya saurari littafi a wayar hannu bai karanta kome ba, malalaci ne kawai. Waɗansu kuma su ce ai duk ɗaya ne, ko ta ido labari ya shiga ko ta kunne. Ni dai a ɗan guntun tunanina, ɓangarorin nan biyu sun yi tuya sun manta da albasa. Albasar kuwa ita ce mutumin da ke karanta littafin da muryarsa, domin shi ke iya gyara labari, shi ke kuma iya kashe shi.

Littattafan da nake nufi su ne na almara, irin masu aljannu da dodanni da matsafa da takubban sihiri. Ɗaukar karatun littafi don a saurara ba sabon abu ba ne. Tun a shekarun 1930 ake ɗaukarsa a faifan garmaho saboda makafi a Amurka da Ingila. Daga nan aka koma kaset, yau kuma ga shi cikin waya.

Bari in kawo misali da littattafan Harry Potter guda 7, waɗanda J.K. Rowling ta fitar daga 1997 zuwa 2007. Mutum biyu suka yi suna wajen karanta su da Turanci: Stephen Fry ga mutanen Ingila, Jim Dale kuma ga mutanen Amurka. Na saurari littafin farko da muryar kowannensu a wayar yayana. Fry yana karatu a natse, kamar dattijo ya tara jikoki bayan sallar isha'i, ba ya gaggawa, ba ya ɗaga murya sai da dalili. Shi kuwa Dale sarkin kwaikwayo ne, kowane mutum cikin labarin da irin muryar da ya ba shi, har aka lissafa masa muryoyi 146 a littafi na ƙarshe. Labarin ɗaya ne, amma da na gama sai na ji kamar littattafai biyu na saurara. Na Fry ya fi sa ni tausayin yaron, na Dale ya fi ba ni dariya. To, in murya ba ta da tasiri, daga ina wannan bambanci ya fito?

Haka kuma Andy Serkis, wanda ya fito a matsayin Gollum a finafinan The Lord of the Rings na 2001 zuwa 2003. A 2020, lokacin kullen korona, ya zauna ya karanta The Hobbit tun daga farko har ƙarshe a rana guda don tara kuɗin taimako, a 2021 kuma aka fitar da karatunsa na manyan littattafan uku. In ya zo wurin Gollum, da muryar nan mai shaƙewa, sai tsikar jikin mutum ta tashi. Amma a nan akwai abin lura. Wanda ya ji wannan murya ba zai ƙara iya ƙirƙiro tasa a zuci ba, an riga an zaɓa masa. Ashe mai karatu yana ba ka, yana kuma karɓe maka wani abu.

Mu Hausawa bai kamata wannan zance ya zame mana baƙo ba. Kowa ya san tatsuniyar Gizo a bakin tsohuwa daban take da wadda aka rubuta a takarda, domin tsamin bakin Gizo ba ya zaunawa a kan layi, sai an ji shi. Alhaji Abubakar Imam ma, a littafin farko na Magana Jari Ce, a bakin aku ya sa labaran, kuma da daɗin baki akun nan ya tsare ɗan sarki ya hana shi fita. Yau ga masu karanta littattafan yaƙi da na aljannu da Hausa birjik a YouTube, 'yan'uwanmu mata da direbobi da teloli suna saurare suna aikinsu. Sai dai a cikin masu karatun akwai gwanaye, akwai kuma 'yan ta-ci-barkatai. Wani sai ya yi ta gudu kamar an biyo shi, wani ya cika labarin da kiɗa da amsa-kuwwa har ba a jin abin da yake faɗi, wani kuma ya bar wa na'ura ta karanta da murya guda, ranar biki da ranar mutuwa duk sauti ɗaya.

A ganina abu uku ke sa a ce da mutum gwanin karatu. Na farko, sanin wurin tsayawa. In jarumi ya ɗaga takobi a gaban dodo, ɗan shirun da mai karatu zai yi kafin sara ya fi kiɗan ganga tayar da hankali. Na biyu, raba muryoyi ba tare da wuce gona da iri ba, yadda mai sauraro zai gane sarki ne ke magana ko bafade tun kafin a ambaci suna. Na uku, wanda ya fi muhimmanci a harshenmu, fahimtar abin da ake karantawa. Rubutunmu na boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. Kalmar gari tana iya zama birni, tana iya zama abin tuwo. In an rubuta cewa jarumi ya ji kuka a bayan kuka, sai wanda ya gane zancen ne zai furta kowace yadda ta dace. Wanda bakinsa ya riga hankalinsa gudu, a nan yake faɗuwa.

Duk da haka, ba zan ɓoye gaskiyar masu sukar sauraro ba. Kunne ba ya koya wa mutum ƙa'idojin rubutu. Wanda ya saurari littafi na awa 20 ba lalle ne ya san inda ake raba kalma ko inda ake sa waƙafi ba, ranar jarrabawar WAEC ko NECO kuwa ba mai karanta wa kowa takarda. Saboda haka shawarata ga 'yan'uwana ɗalibai ita ce, in littafin yana samuwa, a fara bin sa da ido, a gina mutanensa a zuci, sa'an nan a saurari gwani a ga inda ya fi mu da inda muka fi shi. In ya yiwu ma, a riƙe littafin a hannu ana bin layi yana karantawa. Ta haka ne ake koyon furucin Turanci da rubutunsa a lokaci guda.

Ga iyayenmu kuma, ina roƙo da ladabi, in kun ga yaro da abin sauraro a kunne lokacin hutu, kada ku yanke masa hukuncin lalaci nan take. Ku tambaye shi wane littafi ne, wa ke karantawa, ku ɗan saurara tare da shi. Ta nan za ku san ko abin kirki ne ko shirme, domin ba duk abin da ke cikin waya ya dace da kunnen yaro ba.

A nan makaranta an hana mu riƙe waya, ni kuwa ban ga laifin dokar ba. Amma muna da bakuna, muna da ɗakin taro, ga kuma Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Iliya Ɗan Maiƙarfi suna shan ƙura a laburare. Me zai hana ƙungiyar Hausa ta ware rabin awa kowace Asabar da dare, ɗalibi guda ya tashi ya karanta babi guda, sauran su saurara, sa'an nan a gyara masa? Wanda ya taɓa tsayawa gaban aji ya ba Malam Zurƙe murya, ba zai sake raina aikin mai karatu ba, ba kuwa zai yarda a yi masa karatun banza ba. Da koyo akan iya, in ji masu iya magana. Allah ya sa malamanmu su duba wannan shawara, amin.