Kada Taswira Ta Haɗiye Gada

'Yan'uwa ɗalibai, da yawa daga cikinmu gobe su ne ma'aikatan da za su zauna a ofisoshin ayyuka da tsara birane, su yanke shawara a kan titunan da ba su taɓa takawa ba, sai dai abin da taswira ta gaya musu. Saboda haka ya kamata mu san inda taswira ke yin ƙarya.

A cikin kwamfuta, titi gaɓa-gaɓa yake kamar rake, kowace gaɓa da adadin layukan motarta. Haka abin yake a OpenStreetMap, taswirar da Steve Coast ya fara a Ingila a 2004, wadda kowa ke iya gyarawa. To, don rage aiki, akan haɗe gaɓoɓi su koma guda, kuma a nan ɓarnar take.

A ɗauki titi mai layi uku, tsawon mita 900, wanda ya tsuke ya koma layi biyu a kan gada mai mita 100. In aka haɗe su aka rubuta 3, gadar ta ɓace, alhali kuwa ita ce tushen cunkoson, domin layi ɗaya na ɗaukar ƙananan motoci kusan 2,000 a awa. In aka rubuta 2, an zalunci mita 900. In kuwa aka raba tsakani, sai a sami layi biyu da rabi, abin da babu direban da ya taɓa gani. Haka nan tagwayen hanya irin ta Kano zuwa Zariya: akan zana kowane hannu daban da lissafinsa, wanda duk ya mai da su zane ɗaya tilas ya tara lambobin biyu, in ba haka ba rabin hanyar ya salwanta.

Wani zai ce ai wannan ƙaramin abu ne. Ina! Da irin waɗannan lambobi ake ƙiyasta kuɗin kwalta, ake kuma zaɓar wurin da za a faɗaɗa.

Ra'ayinmu shi ne, duk inda adadin layi ya canja, a bar gaɓar yadda take. Inda ba a sani ba, a bar gurbin babu kome har a je a ƙirga, domin gani ya kori ji. Allah ya sa mu gane.